Wa ke riƙe da gari a Saudiyya: gwamnan yanki, hukumar birni, ko fadar Riyad?

Jidda ta fi Makka yawan jama'a. A can babbar tashar jiragen ruwa ta Bahar Maliya take, a can filin jirgin saman da alhazanmu da yawa ke sauka yake, a can kuma ƙasashe suka ajiye ƙananan ofisoshin jakadancinsu. Duk da haka, a takardar mulki Jidda gunduma ce kawai a ƙarƙashin yankin Makka, kuma mai riƙe da ita yana amsa umarni daga gwamnan Makka. Sannan shi gwamnan na Makka, duk girman kujerarsa, ba shi ke tara haraji ba, ba shi ke ware kuɗin gina magudanar ruwa a Jidda ba, kuma babu majalisar dokokin da ke zama a ƙarƙashinsa. Wanda ya ɗauko ma'aunin jiha da ƙaramar hukuma irin na Najeriya ya ɗora a kan Saudiyya zai yi ta kuskuren fahimtar labaran da ke fitowa daga can, domin a Saudiyya iko ba ya gangarowa ta hanya ɗaya. Yana fitowa daga Riyad ne ta hanyoyi uku ko huɗu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma ba kullum suke haɗuwa ba.

Ƙasar ta kasu yankuna 13, kowanne ana kiransa mandiƙa. Akwai Riyad, Makka da Madina waɗanda hedikwatarsu ke ɗauke da sunansu, haka ma Tabuka, Ha'il, Jazan, Najran da Baha. Sauran biyar ɗin hedikwatarsu daban take da sunan yankin: Ƙasim tana Buraida, Yankin Gabas yana Dammam, Asir tana Abha, Jauf tana Sakaka, Iyakar Arewa kuma tana Ar'ar. Girmansu bai yi kusa da juna ba ko kaɗan. Ƙidayar 2022 ta nuna ƙasar na da mutum miliyan 32.2, kuma kusan kashi 68 cikin ɗari suna zaune ne a yankuna uku kacal, wato Riyad, Makka da Gabas. Yankin Riyad kaɗai ya kai miliyan 8.6, yayin da Baha ba ta kai dubu 400 ba. Ta fuskar faɗin ƙasa kuwa Yankin Gabas ne kan gaba, domin ya haɗiye mafi yawan hamadar Rub'ul Khali, kuma a nan rijiyoyin man suke. Wani adadi da ke da nauyi ga duk maganar mulkin gari shi ne na baƙi: mutum miliyan 13.4 daga cikin waɗanda aka ƙidaya ba 'yan ƙasa ba ne, kuma babu ɗayansu da ke da kujera ko ƙuri'a a kowace majalisa da za a ambata a nan.

Waɗannan iyakoki ba injiniya ne ya zauna ya zana su ba, tarihin yaƙi da sulhu ne ya haife su. Sarki Abdul'aziz ya kama Riyad a 1902, Ahsa a 1913, Ha'il a 1921, Makka a 1924, Madina da Jidda a 1925, sannan aka haɗe komai da sunan Masarautar Saudiyya a 1932. Yarjejeniyar Ɗa'if ta 1934 da Yaman ce ta tabbatar masa da Najran da Jazan. Duk inda ya ci, yakan naɗa amintaccensa ya riƙe, kuma amintattun nan yawanci 'yan uwa ne ko surukai. Gidan Jiluwi ya riƙe Gabas tun daga 1913 har zuwa 1985, gidan Sudairi kuma ya daɗe yana ba da gwamnoni a wurare irin su Jauf da Najran. Hijaz ta fita daban, don an tarar da ita da ofisoshi da hukumomin gari tun zamanin Daular Usmaniyya, saboda haka aka bar mata tsarinta, aka sa Yarima Faisal ya zama wakilin mahaifinsa a can daga 1926. An yi yunƙurin daidaita tsarin da wata doka a 1963, amma ba ta kama aiki sosai ba.

Dokar da ake aiki da ita yau ta fito ne a watan Maris na 1992, lokacin Sarki Fahad, rana ɗaya da babbar dokar mulkin ƙasa da dokar Majalisar Shura. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin Kuwait ba, kuma malamai da 'yan boko sun yi ta miƙa wa sarki takardun neman gyara. An yi wa dokar kwaskwarima a 1993, aka tsayar da yankunan a 13, inda Ƙurayyat, wadda a da take da nata gwamnan, ta koma ƙarƙashin Jauf.

Matakan guda uku ne. Yanki ne a sama, a ƙarƙashinsa akwai gunduma, wato muhafaza, a ƙarƙashin gunduma kuma akwai markaz, wanda kan zama ƙaramin gari da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Gundumomi sun haura 130, markazai kuma sun haura 1,000, kuma adadin yana sauyawa domin akan ɗaga darajar wani markaz ya zama gunduma. Gunduma da markaz kowanne ya kasu rukuni biyu, na ɗaya da na biyu, gwargwadon yawan jama'a, yanayin ƙasa, buƙatun tsaro da hanyoyin sufuri. Ƙirƙirar gunduma sai da umarnin sarki, amma markaz ministan harkokin cikin gida ne ke ƙirƙirarsa bisa shawarar gwamnan yanki. Birnin da hedikwatar yanki take ba ya zama gunduma, ofishin gwamna ne ke riƙe da shi kai tsaye. Shi ya sa ake da mai riƙe da Jidda da mai riƙe da Ɗa'if, amma babu wani mai irin wannan muƙami a kan birnin Makka.

Yadda ake naɗi shi ke nuna inda igiyar take ɗaure. Gwamnan yanki, wanda suke kira amir, yana da matsayin minista, kuma sarki ne ke naɗa shi da sauke shi bisa shawarar ministan cikin gida. A gaban wannan ministan yake ba da bahasi, duk da cewa matsayinsu ɗaya ne a takarda. Mai riƙe da gunduma ta rukunin farko ba ya gaza mataki na 14 a tsanin aikin gwamnati mai matakai 15, kuma firaminista ne ke sa hannu a naɗinsa. Na rukuni na biyu ba ya gaza mataki na 12, ministan cikin gida ke naɗa shi. Shugaban markaz na rukunin farko yana farawa daga mataki na 8, shi ma minista ke naɗa shi, sai na rukuni na biyu, daga mataki na 5, wanda shi kaɗai ne gwamna ke naɗawa da hannunsa. Wato a duk wannan tsani, muƙami mafi ƙanƙanta kawai aka bar wa gwamna ya yanke hukunci a kai shi kaɗai, sauran kuwa shawara yake bayarwa. A aikace shawararsa tana da nauyi sosai, musamman idan babban yarima ne, amma doka ta tabbatar da cewa alƙalamin ƙarshe yana Riyad. A yau gwamnonin yankuna 'yan gidan sarauta ne, kuma manyan gundumomi irin su Jidda, Ɗa'if, Ahsa da Dir'iyya su ma an saba ba wa yarimomi. Kujerar kan daɗe a hannun mutum ɗaya: Sarki Salman ya riƙe Riyad daga 1963 zuwa 2011 ba tare da yankewa ba.

Ayyukan da doka ta ɗora wa gwamna suna da faɗi. Shi ke kula da tsaro da zaman lafiya, shi ke tabbatar da an zartar da hukuncin kotu da ya kai ƙarshe, shi ke kare dukiyar gwamnati daga masu mamaye filaye, shi ke sa ido kan ma'aikatun da ke aiki a yankinsa, kuma yana da damar tuntuɓar kowane minista kai tsaye. Sau ɗaya a shekara gwamnoni 13 ɗin suna haɗuwa ƙarƙashin ministan cikin gida, kowane gwamna kuma yana tara masu riƙe da gundumominsa aƙalla sau biyu a shekara.

Abin da ba shi da shi kuwa shi ne asusu. Yanki ba ya sa haraji, ba ya karɓar kason wata-wata da zai raba yadda ya ga dama, ba ya cin bashi da sunansa. Kuɗin man da ake haƙowa a Gabas baitulmalin ƙasa yake shiga, haka ma harajin sayen kaya, wanda aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018 aka ɗaga zuwa 15 a 2020. Daga ma'aikatar kuɗi ake raba wa ma'aikatu, kowace ma'aikata kuma ta kashe ta hannun reshenta na yanki. Daraktan ilimi na Madina ma'aikacin ma'aikatar ilimi ne, daga can ƙarin girmansa da kasafinsa suke zuwa. Gwamna zai iya kiransa, ya tuhume shi, ya rubuta a kansa, amma ba zai iya ɗebe kuɗin makaranta ya mayar asibiti ba. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma daga nan yawancin ƙarfinsa da rauninsa suke fitowa. Ƙarfin shi ne Baha da Jauf, waɗanda ba su da mai, ba sa dogaro da abin da suka tara da kansu kafin a gina musu asibiti ko jami'a. Raunin kuma shi ne mutumin da ya fi kowa sanin matsalar yanki, kuma jama'a suka fi kai wa kuka, ba shi ne mai sa hannu a kan kuɗin maganinta ba.

Don rage wannan giɓi aka kafa majalisar yanki. Gwamna ne shugabanta, mataimakinsa na biye, sai shugabannin rassan ma'aikatu, sai mutanen gari aƙalla goma da aka sani da ilimi da ƙwarewa. Gwamna ke gabatar da sunayensu, ministan cikin gida ya amince, firaminista ya naɗa, na tsawon shekara huɗu da za a iya sabuntawa. Dole ɗan majalisa ya zama ɗan ƙasa na asali, mazaunin yankin, wanda bai gaza shekara 30 ba. Suna zama duk wata uku, kuma zama ba ya inganta sai kashi biyu cikin uku sun halarta. Aikinsu shi ne su tantance buƙatun yankin, su jera ayyuka bisa muhimmanci, su nemi a sa su a kasafin shekara, su duba taswirar faɗaɗa garuruwa, su bi diddigin abin da aka ware. Idan ma'aikata ta ƙi bin shawararsu, wajibi ne ta bayyana wa gwamna dalili, idan majalisa ba ta gamsu ba sai a ɗaga maganar zuwa ministan cikin gida ya kai wa firaminista. Wannan hanya ce ta gaske, amma doguwa ce, kuma da yawa daga cikin masu zama a teburin su ne ma'aikatan da ya kamata a bincika. Doka ta kuma hana majalisar taɓa duk wani batu da ba a lissafa mata ba, duk matsayar da ta ɗauka a kansa ɓatacciya ce.

Hanya ta biyu ita ce ta hukumomin birni, kuma a nan talaka ya fi haɗuwa da gwamnati. Kwashe shara, titunan cikin gari, fitilun kan hanya, izinin gini, lasisin shago, binciken tsaftar gidajen abinci da maƙabarta duk ba aikin ofishin gwamna ba ne. Aikin ma'aikatar kula da birane ne, wadda aka kafa a 1975, aka haɗe ta da ma'aikatar gidaje a 2021. Babbar hukumar birni ana kiranta amana, ƙananan da ke ƙarƙashinta kuma baladiyya. Amanoni 17 ne ba 13 ba, domin ban da ta kowane yanki, an ba Jidda, Ɗa'if, Ahsa da Hafrul Baɗin nasu na kansu. Saboda haka yankin Makka yana da gwamna ɗaya amma amana uku, kowacce da shugabanta da kasafinta, kuma kowanne yana bin ministansa ne a Riyad. Amana tana samun wani abu daga kuɗin lasisi, tara da hayar filayenta, kuma gwamnati tana matsa musu su ƙara wannan kuɗin shiga, amma manyan ayyuka har yanzu daga kasafin ƙasa suke zuwa.

A wannan hanya ce kaɗai aka gwada zaɓe. A 2005 aka zaɓi rabin kujerun majalisun birane 178, maza kawai suka yi zaɓen, sauran rabin kuma naɗi ne. Zagaye na biyu ya kamata a yi shi a 2009, aka ɗage shi zuwa 2011. Kafin na uku aka yi sabuwar doka a 2014: aka ɗaga zaɓaɓɓun kujeru zuwa kashi biyu cikin uku, aka rage shekarun mai jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18. A watan Disamba na 2015 mata suka yi zaɓe suka kuma tsaya takara a karon farko, cikar alƙawarin da Sarki Abdallah ya yi a 2011, kuma kimanin 20 daga cikinsu suka ci. Babu jam'iyya, kowa da sunansa yake tsayawa. Fitowar jama'a ba ta yi yawa ba, kuma dalilin a fili yake: majalisar ta kasance tana duba kasafin baladiyya da ingancin ayyukanta, amma ba ita ke naɗa shugaban hukumar ba, ba ta kuma iya sauke shi. Tun daga 2015 ba a sake gudanar da wannan zaɓe ba.

Ambaliyar Jidda ta ranar 25 ga Nuwamba 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ita ce ta fi tona asirin wannan rarrabuwar aiki. Ruwan sa'o'i kaɗan ya kashe mutum sama da 120, mafi yawa a unguwannin gabashin birnin irin su Ƙuwaiza. Ruwa ya gangaro daga duwatsu ta kwarurukan da ya saba bi, ya tarar an yanka filaye an yi gidaje a cikinsu. Amincewa da taswirar filaye yana hannun amana, takardar mallaka tana fitowa daga ofisoshin ma'aikatar shari'a, manyan tituna suna hannun ma'aikatar sufuri, ruwa da magudanar ƙazanta suna wata hukumar, kuɗi yana ma'aikatar kuɗi, ceto kuma yana hannun jami'an kare fararen hula na ma'aikatar cikin gida. Kowa ya riƙe yankinsa, babu wanda aka ɗora wa alhakin kwarin gaba ɗaya daga dutse zuwa teku. Sarki Abdallah ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan Makka, Yarima Khalid al-Faisal, ya ba da umarnin biyan riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci, daga baya kuma aka gurfanar da jami'ai da 'yan kwangila. Da ruwa ya sake yin ɓarna a farkon 2011, sai aka cire aikin madatsai da manyan magudanai daga hanyar da aka saba, aka sa shi ƙarƙashin kulawar ofishin gwamna, aka nemi kamfanin mai na Aramco ya tafiyar da shi.

Wannan mataki ya nuna ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a ƙasar: idan aiki ya yi muhimmanci ƙwarai, ba a tsayawa gyara tsohuwar hanya, sai a buɗe sabuwa da ke zuwa fada kai tsaye. Tun 1975 aka fara da hukumar sarauta ta Jubail da Yanbu, wadda aka kafa don tafiyar da waɗannan biranen masana'antu biyu da makarantunsu da asibitocinsu. Bayan ƙaddamar da shirin raya ƙasa na Vision 2030 a 2016 abin ya yawaita. An kafa hukumar sarauta ta Al'ula a 2017, ta birnin Makka da wurare masu tsarki a 2018, ta birnin Riyad a 2019. Neom, aikin gina sabon birni da aka sanar a 2017, yana cikin ƙasar Tabuka amma hukumarsa daban. Yankuna irin su Asir, Madina da Ha'il suna da hukumomin raya ƙasa, Baha, Jauf da Jazan kuma aka buɗe musu ofisoshin tsare-tsare a 2021. Da yawa daga cikin waɗannan hukumomi Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ne shugaban kwamitinsu, shi ne kuma firaminista tun 2022. Ribar a bayyane take, aiki na sauri domin mai yanke hukunci da mai sakin kuɗi suna ɗaki ɗaya. Amma farashinsa shi ne garin da ba a yi wa irin wannan hukuma ba yana nan a tsohon layi yana jira, garin da aka yi wa kuma ya ƙara samun ofishi na huɗu a kan ukun da yake da su, wato ofishin gwamna, rassan ma'aikatu da hukumar birni, kuma majalisar yanki ba ta da ta cewa a kansa. Rushe tsofaffin unguwannin Jidda da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya shafi Sabil, Hindawiyya, Ghulail da Karantina inda zuriyar mutanen Afirka ta Yamma, har da Hausawa, suka daɗe da zama, ya nuna saurin da tsarin ke iya yi idan an yanke hukunci daga sama. Ya kuma nuna cewa ɗan haya baƙo ba shi da wata majalisa da zai kai ƙara kafin katafila ta iso.

A can ƙasan tsani akwai mutanen da dokar yankuna ba ta mayar da hankali a kansu ba, amma rayuwar yau da kullum ta rataya a wuyansu. A birni akwai umda, wanda aikinsa ya yi kama da na mai unguwa: yana shaida cewa wane mazaunin unguwarsa ne, yana taimaka wa 'yan sanda wajen nemo wanda ake nema, yana sasanta maƙwabta, kuma a ƙarƙashin 'yan sanda yake aiki ba baladiyya ba. A karkara shugabannin ƙabilu ne ke wannan aiki tare da shugaban markaz. Akwai kuma zaman sauraron koke. Babbar dokar mulki ta ce majalisar sarki da ta yarima mai jiran gado a buɗe suke ga duk mai ƙorafi, gwamnoni ma suna ware lokacin da mutum zai miƙa takardar kukansa. Ofisoshin gwamnoni suna da kwamitocin sulhu da ke shiga tsakani a shari'ar kisa, su nemi iyalan mamaci su yafe ƙisasi ko su karɓi diyya. Gwamna ba ya soke hukuncin alƙali, amma a wannan gaɓa ta sulhu girmansa yana iya ceton rai.

Ga mai zama a ƙasar ko mai zuwa aiki ko ibada, sanin ƙofar da ta dace yana rage wahalar watanni. Iƙama, wato takardar izinin zama, da biza da fasfo aikin ofishin jawazat ne na ma'aikatar cikin gida, kuma yawancinsa yanzu ta manhajar Absher ake yi. Rikicin albashi da mai gida yana farawa ne a ofishin ƙwadago don sasantawa, idan ya gagara ya wuce kotun ƙwadago. Lasisin shago, izinin gini ko ƙorafin shara da ramin titi na baladiyya ne, ta manhajar Balady ko lambar waya 940. Wanda wata hukumar gwamnati ta zalunta yana da kotun Diwanul Mazalim. Ofishin gwamna ana zuwa masa ne da abin da ya shafi tsaro, rikicin fili tsakanin jama'a, neman sulhu, ko kuka a kan ofishin da ya ƙi motsi, kuma abin da yakan yi shi ne ya tura takardar ga ofishin da abin ya shafa da umarnin a ba shi amsa. Aikin Hajji kuwa ya tara dukkan hanyoyin a wuri guda: babban kwamitin Hajji yana ƙarƙashin ministan cikin gida, gwamnan Makka ya daɗe yana shugabantar kwamitin da ke haɗa hukumomi a fili, ma'aikatar Hajji da Umara ce ke hulɗa da hukumomin alhazai irin su NAHCON, amanar birnin Makka ce ke kwashe shara da duba wuraren sayar da abinci, yayin da gyaran tantuna da gine-ginen Mina da Arfa ya koma hannun kamfanin Kidana na hukumar sarauta ta Makka.